Wanda bai iya faɗin ruwan jibi ba, ya zai faɗi zafin 2050?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin jarida, kuma burina in riƙa gabatar da rahoton yanayi a talabijin. Kwanaki na nuna wa kawuna bidiyon wani mai hasashen yanayi a Amurka wanda muryarsa ta karye yana bayanin wata mahaukaciyar guguwa, har ya danganta ƙarfinta da sauyin yanayi. Kawu ya yi dariya ya ce mutanen da ba sa iya faɗin ko za a yi ruwa jibi, su ne za su gaya mana abin da zai faru nan da shekara talatin? Ya ce aikinsu su faɗi zafi da sanyi su sauka, sauran duk siyasa ce. Na rasa abin da zan ce masa. Shin da gaske maganar sauyin yanayi hurumin mai hasashe ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki gaishe min da Kawu, ki ce masa ba shi ya fara wannan magana ba. Waɗanda suka riga shi faɗinta su ne masu hasashen yanayin da kansu.

A 2010 masana daga Jami'ar George Mason da ke Amurka sun tambayi masu gabatar da rahoton yanayi a gidajen talabijin na ƙasar ko sun yarda duniya tana ɗumama. Kashi 54 cikin ɗari ne kawai suka ce eh. Ɗaya cikin kowane huɗu ya ce sam, sauran suka ce ba su da tabbas. Kafin nan, a 2007, John Coleman, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa tashar rahoton yanayi ta Weather Channel a 1982, ya fito fili ya kira maganar ɗumamar duniya damfara mafi girma a tarihi. Kuma lokacin da Heidi Cullen, wata masaniyar sauyin yanayi a wannan tashar, ta rubuta a ƙarshen 2006 cewa bai kamata ƙungiyar masana yanayi ta Amurka ta riƙa ba da hatimin amincewarta ga wanda bai iya bayanin tushen wannan ilimi ba, abokan sana'arta ne suka fi yi mata ca. Ba jahilai ba ne waɗannan mutane. Sana'arsu ce ta koya musu shakka. Wanda kullum yake zaune gaban kwamfuta yana kallon yadda hasashen kwana uku yake dacewa, na kwana bakwai yake tangal-tangal, na kwana goma sha biyar kuwa ya zama tatsuniya, da wuya ka gamsar da shi cewa wata kwamfutar ta san abin da zai faru a 2050.

Amma tambayoyin guda biyu ne, ba ɗaya ba. Ki tuna tukunyar talge. Idan yana tafasa, babu wanda zai iya nuna miki daidai inda ƙwayar tafasa ta gaba za ta ɓullo, ko gefen dama ko tsakiya. Wannan shi ne hasashen jibi: ya dogara da sanin halin da iska take ciki yanzu-yanzu, kuma ƙaramin kuskure a ma'aunin yau yakan girma ya lalata lissafin mako mai zuwa. Edward Lorenz ya tabbatar da haka tun 1963, kuma babu kwamfutar da za ta kawar da wannan iyaka gaba ɗaya. To amma idan kika ga an ƙara itace uku a murhu, ba sai kin yi karatu ba za ki ce tafasar za ta ƙaru. Ba ki san inda kowace ƙwaya za ta fito ba, kin dai san wutar. Ilimin sauyin yanayi lissafin wutar ne. Iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kusan 280 a cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, kuma tun ƙarni na sha tara aka gano a ɗakin gwaji cewa tana riƙe zafi. Kawu da kansa yana irin wannan lissafi: bai san ko za a yi ruwa ranar 14 ga Agustan baɗi ba, amma zai zuba kuɗinsa a taki da iri bisa yaƙinin cewa Agusta watan marka ne, Janairu na hazo.

Mu Hausawa ma harshenmu yana ƙara dagula lissafin, don kalma ɗaya muke da ita. Yanayin yau "yanayi", halin da gari ya saba da shi cikin shekaru talatin shi ma "yanayi". Sai mai sauraro ya ji an ce "sauyin yanayi" ya ɗauka ana nufin fita daga hunturu a shiga bazara, irin wanda ke kawo mura. Na sha jin haka daga bakin masu ilimi ma. Idan kin hau wannan aiki, kada ki gaji da warware wannan kalma duk lokacin da kika furta ta.

Yanzu batun hurumi. Dalilin da ya sa aka matsa wa masu hasashe su yi magana ba wai sun fi kowa sani ba ne. Sau da yawa farfesan jami'a ya fi su zurfi. Dalilin shi ne, ga yawancin gidaje, mai taswirar nan da ke fitowa bayan labarai shi kaɗai ne ma'abocin kimiyya da ake gani kullum, an san fuskarsa, an san raharsa, ya taɓa ce wa mutane su shige ɗaki guguwa na tafe kuma ta zo. Mutum ba ya yarda da rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya mai shafi dubu, amma yana yarda da wanda ya hana shi shanya hatsi ranar da aka yi ruwa.

Wanda ya fara gwada wannan a tsare shi ne Jim Gandy na tashar WLTX a birnin Kolumbiya, jihar Karolaina ta Kudu, a 2010. Ki lura da wurin: jiha ce ta masu ra'ayin riƙau, inda ake ganin maganar ɗumamar duniya tamkar tutar wata jam'iyya. Da taimakon wata ƙungiya mai suna Climate Central da masanan George Mason, ya riƙa saka gajerun bayanai a cikin rahotonsa ƙarƙashin sunan Climate Matters. Bai kawo hoton ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya ba. Ya tsaya a kan Kolumbiya: yadda ranakun tsananin zafi suke ƙaruwa a garin, da abin da ake sa ran gani idan aka ci gaba a haka. An yi wa masu kallo tambayoyi kafin a fara da kuma bayan shekara guda, aka tarar waɗanda suke kallonsa sun fi masu kallon sauran tashoshi fahimtar al'amarin, kuma tashar ba ta mutu ba kamar yadda wasu suka yi tsoro. Daga nan shirin ya bazu, yana aika wa ɗaruruwan masu hasashe zane da alƙaluman garuruwansu kyauta. Da aka sake irin waccan tambaya a 2017, sama da kashi 90 cikin ɗari na masu hasashen suka ce sauyin yana faruwa. A ganina ba muhawara ce ta juya su ba. Littafin ma'aunin garinsu ne. Mutumin da aikinsa shi ne ya ce "yau an kafa sabon tarihi na zafi", idan ya lura yana faɗin haka ninkin yadda yake faɗin na sanyi shekara bayan shekara, gani ya kori ji.

Turawan Turai sun bi wata hanyar. A 2014 hukumar yanayi ta duniya ta roƙi masu gabatarwa a ƙasashe daban-daban su yi rahoton ƙirƙira na wata rana a 2050. Évelyne Dhéliat ta tashar TF1 a Faransa ta tsaya gaban taswirar 18 ga Agustan 2050, da digiri 40 a kan Faris. Shekara biyar kacal bayan haka, ranar 25 ga Yulin 2019, Faris ta kai 42.6. Hukumar yanayi ta Birtaniya ita ma ta yi irin wannan taswira a 2020, ta nuna digiri 40 a wata ranar Yulin 2050. Ranar 19 ga Yulin 2022 aka auna 40.3 a ƙauyen Coningsby da ke Ingila, karo na farko a tarihin ƙasar da aka haura 40. Mutane sun yi ta jera taswirorin biyu gefe da gefe suna cewa 2050 ta iso tun yanzu. Wannan ya ɗan wuce gona da iri, don rana ɗaya mai karya tarihi daban take da zafin da zai zama ruwan dare a kowace bazara, amma ya isa amsa ga wanda ke cewa masana suna zuzuta abu. Tun Maris 2023 kuma gidan talabijin na gwamnatin Faransa ya sauya wa rahoton yanayinsa na yamma suna da tsari, ya haɗe hasashen gobe da bayanin sauyin yanayi a shiri ɗaya, har da amsa tambayoyin masu kallo. Akwai kuma zanen nan mai ratsi-ratsi shuɗi da ja da Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya fitar a 2018, kowane ratsi shekara ɗaya, shuɗi mai sanyi, ja mai zafi, wanda masu hasashe da yawa suka ɗaura a wuya ko suka maƙala a riga ranar 21 ga Yunin shekarar. Babu lamba ko ɗaya a jikinsa, amma tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta gane inda aka dosa.

Kada ki ɗauka abin ya zo da sauƙi. Chris Gloninger ya koma tashar KCCI a jihar Ayowa musamman don ya riƙa haɗa maganar sauyin yanayi da rahotonsa. Saƙonnin zagi suka fara zuwa, a 2022 wani ya aiko masa da barazanar kisa, har maganar ta kai kotu. A 2023 ya ajiye aikin, ya ce abin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsa. A Sifaniya, lokacin farin 2023, ma'aikatan hukumar yanayi sun sha zagi da barazana daga masu zargin wai su ke hana ruwa sauka da feshin jiragen sama. Kin ga ba a ƙasarmu kaɗai jita-jita take da kasuwa ba.

Bidiyon da kika nuna wa Kawu, bisa bayaninki, na John Morales ne, tsohon hannu a wata tashar Miyami, ranar 7 ga Oktoban 2024, lokacin da guguwar Milton take ƙara ƙarfi a mashigin tekun Meziko. Jama'a sun riƙe rawar muryarsa, ni kuma abin da na riƙe shi ne lambar da ta sa muryar rawa: nauyin iska a tsakiyar guguwar ya faɗi da miliba 50 cikin awa goma, alamar guguwar tana ƙara ƙarfi da sauri. Wanda ya san sana'ar ya san wannan ba abin da ake gani kullum ba ne, kamar likita ne ya ga awon jinin majinyaci ya zube nan take. Ya nemi gafara, sannan ya faɗi dalili: ruwan tekun ya yi zafin da ba a saba gani ba, kuma zafin ruwa shi ne abincin guguwa. Wannan bayanin yana cikin aikinsa ɗari bisa ɗari. Da ya faɗi ƙarfin guguwar ya ɓoye abin da ke ciyar da ita, rabin rahoto ya bayar.

To ina Kawu yake da gaskiya? A wurare biyu, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko, akwai iyaka tsakanin ma'auni da ra'ayi. Cewa 2024 ita ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, kusan digiri ɗaya da rabi sama da ƙarshen ƙarni na sha tara, wannan ma'auni ne. Cewa ƙona gawayin ƙasa da fetur da gas ne babban sanadi, wannan ma kimiyya ce tabbatacciya. Amma wace jam'iyya za a zaɓa, ko a cire tallafin mai ko a bar shi, wannan ba aikin mai taswira ba ne, kuma ranar da ya tsunduma ciki ya yi asarar rabin masu kallonsa, har ranar da zai ce musu ambaliya na tafe ba za su saurare shi ba.

Na biyun ya fi damuna, don shi ne cutar da na fi gani a wajenmu: jingina komai ga sauyin yanayi. Da an yi ruwa gida ya rushe, sauyin yanayi. Kwata ta toshe da leda unguwa ta cika, sauyin yanayi. Wannan kalma ta zama bargon da mai laifi ke lulluɓa da shi. Akwai ilimi na musamman da ke auna rabon sauyin yanayi a cikin wani bala'i guda, ta hanyar kwatanta duniyar da muke ciki da wadda ba a ƙara mata hayaƙi ba, kuma amsarsa ba kullum "eh" ba ce. Ayarin masana na World Weather Attribution ya duba ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta kuma yi ɓarna a Nijar da Chadi, ya ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80, ta kuma ƙara yawan ruwanta da kusan kashi 20 cikin ɗari. Dalilin sananne ne: duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. Amma su waɗannan masanan sun ce gine-gine a hanyar ruwa, talauci da yadda ake sarrafa madatsun ruwa suna cikin abin da ya mayar da ruwan sama ya zama makoki. Haka zancen yake ga madatsar Alau da ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024. Ruwan da aka yi a daminar ya yi yawa, gaskiya ne, amma kula da bangon madatsa ba aikin iskar kabon ba ne. Mai hasashe na ƙwarai yakan raba wa kowa kasonsa. A wani lokacin kuma kason sauyin yanayi shi ne kusan duka, kamar zafin da ya faɗa wa Mali da Burkina Faso a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi, inda zafi a garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5. Masanan sun ce da ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, zafin ba zai kai haka ba, kuma zafin dare ya fi na rana ƙaruwa. Wannan ya kamata a riƙa faɗa wa mutane, don daren da jiki bai huce ba shi ke kayar da tsofaffi da jarirai.

Idan kin fara aiki a nan gida, ba rikicin jam'iyyun Amurka za ki tarar ba. Abin da za ki fi ji shi ne, "ruwa na Allah ne, wa ya san gaibu?" Kada ki yi gardama da wannan, don babu saɓani. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas, iska ta juya, ya ce wa yara su kwashe shanya, babu wanda ya ce ya yi duba. Tauraron ɗan Adam ido ne da ya fi nasa hangen nesa, yana ganin hadarin tun yana Chadi. Ki ce "in Allah ya so" da zuciya ɗaya, sannan ki faɗi alƙalumanki ba tare da rage ko ɗaya ba. Kuma ki koya wa masu kallo ma'anar "kashi 70 cikin ɗari": a cikin ranaku goma masu irin wannan alama, bakwai ake ruwa, uku ba a yi. Ranar da ba a yi ba, ki fito gobe ki ce jiya hadarin ya bi ta kudu da mu, ga dalili. Mai hasashen da ke amsa kuskurensa na jiya shi ake yarda da shi idan ya yi maganar shekara talatin.

Kayan aiki akwai. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron tsaikon ruwa a tsakiyar damina, har da fassarar Hausa. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ACMAD masu yi wa yankin baki ɗaya irin wannan aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ɗauko wannan ya mayar da shi maganar da mai gero a Gumel ko Tasawa zai yi aiki da ita. Kuma ki sani cewa a karkararmu rediyo da saƙon murya a waya sun fi talabijin nisan zango, don haka ki koyi bayanin da zai tsaya da ƙafarsa ko babu taswira. Minti biyu ko uku za a ba ki, ba lacca ba. Jimla ɗaya ta isa: zafin yau kaza ne, abin da aka saba gani a wannan mako bisa ma'aunin 1991 zuwa 2020 kaza ne. Ba kullum ba ma, sai ranar da akwai abin faɗa.

Akwai tarko guda da ya keɓanci yankinmu, kuma ina zaton da Kawu za ki fara cin karo da shi. Idan kika ce masa sauyin yanayi yana rage mana ruwa, zai iya ce miki ƙarya ne, kuma ya fi ki gaskiya. Wanda ya yi wayo a farin 1973 da na 1984 ya san daminar yanzu ta fi ta wancan lokaci ruwa. Wanda kuma ya tuna shekarun 1950 zai ce ruwa ya ragu, shi ma bai yi ƙarya ba. Kowa da shekarar da yake awo da ita. Abin da ma'auni ya nuna shi ne yadda ruwan yake zuwa ne ya sauya. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadurra masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Wato ruwan da a da yake sauka a hankali ƙasa ta sha, yanzu kaso mai yawa nasa yana zubowa cikin 'yan sa'o'i, ya kwashe taki, ya ci gona, ya kayar da katanga. Don haka kada ki tambayi Kawu ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu. Ki tambaye shi sau nawa ya sake shuka a cikin daminu biyar da suka wuce, da kuma ko zaizayar da ke bayan gonarsa tana nan inda ya san ta yana saurayi.